Wanda Ke Sama Da Alƙali

A matakalar hawa na biyu ƙafafun Jibrin suka ƙi ɗaukarsa. Ji kawai na yi nauyinsa ya dawo kafaɗata, ya ce, "Ɗanbala, tsaya, iska nake nema." Na zaunar da shi a nan kan matakala, mutane suna ratsa mu da fararen riguna, ba wanda ya ko dube mu. Na daina ƙirga zuwanmu wannan kotu. Kullum sama muke hawa, neman alƙalin da ya fi alƙalinsa.

Jibrin maƙwabcina ne a unguwar Utaiqa ta birnin Riyadh, bango ɗaya ya raba ɗakunanmu, har tarinsa nakan ji. Direban motar kayan gwari ne, ni kuwa ina ja wa gine-ginen Dir'iyya wayar lantarki. Wata safiya yana baya da mota a kasuwa ya taka ƙafar wani ɗan dako. Magana ta je kotu, alƙali ya ba da umarni kada Jibrin ya bar ƙasar sai likitoci sun gama faɗin yadda ƙafar za ta kasance. Ba a jima ba shi ma ciwo ya kama shi. Likita ya duba hantarsa, ya kira ni gefe ya ce in yana da gida a mayar da shi tun yana iya zama a jirgi.

Yana da gida kuwa. 'Yarsa ɗaya tilo, Hajar, tana Nguru da tsohon ciki. Ya bar ta tana koyon tafiya, ko bikinta bai samu zuwa ba. Burinsa guda ne, ya isa da ransa ya yi wa jikan nan huɗuba da bakinsa.

A kan matakalar nan Zayyanu ya same mu. Tafintan kotu ne, Bahaushe haifaffen Riyadh, Larabcinsa ya fi Hausarsa kwari. Ya tsuguna ya dubi Jibrin, ya dube ni.

"Har yanzu shugaban kotu kuke nema?"

"Shi muke nema," in ji Jibrin. "In bai samu ba, an ce akwai wani dattijo a hawa na uku mai sauƙin kai."

Zayyanu ya girgiza kai. "Baba, duk alƙalan gidan nan tsayinsu ɗaya ne. Wanda yake hawa na uku ba ya kwance abin da na hawa na biyu ya ɗaura. Shi kansa shugaban, aiki yake raba musu, ba ya gyara musu hukunci. In ɗaukaka ƙara kuke so, wata kotu ce daban, a wani gini, kuma can layi ne. Wannan ma umarni ne na tsakiyar shari'a, suna iya cewa ku jira a gama ta tukuna."

"To mu yi yaya?" na ce.

"Ku koma wa wanda ya ba da umarnin. Shi kaɗai ne zai iya ɗage shi cikin sauri."

Jibrin ya kawar da fuska. "Ba za ta yiwu ba."

Wannan magana ba ranar na fara jin ta ba, kuma wallahi ta ishe ni. A wajen Jibrin, in babba ya yanke magana a gaban jama'a, ba ka komawa ka tsaya masa ido cikin ido ka ce ya sake. Rashin kunya ne. Sai dai ka nemi wanda yake jin nauyinsa, ya je ya lallaɓa maka shi. Haka ya ga mahaifinsa yana yi, haka ya rayu da duk ubangidan da ya yi wa tuƙi, kuma bai ga dalilin da zai sa ya lalace da tsufa ba.

A cikin tasi na kasa riƙe bakina. "Wai nan Nguru ce? Mutumin nan bai san kakanka ba, bai san kana jin kunyarsa ba. Kai kana ta ladabi, ciwo yana ta cin ka."

"Ka gama?"

"Ban gama ba. Ka dubi idonka a madubi? Kamar an zuba masa kurkur."

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma tsoro ne ya fi yawa a ciki. Ina kallon wandonsa yana zame masa a ƙugu, ina jin tarin yana sauya murya ta bayan bango. Shi kuwa sai haɗa kaya yake. Ya sayo akwati a kasuwa, ya cika shi da dabinon da za a tauna a sa wa jariri a baki, da 'yan riguna, da turare na Hajar. Ya sayi sababbin takalma ya ɗora a sama, ya ce sai zai sauka daga jirgi zai sa su.

Ranar Juma'a bayan la'asar ina dama masa kunu Hajar ta kira. Ya sa wayar a fili don hannunsa ba ya iya riƙe ta a kunne.

"Baba, ungozoma ta ce ya sauko, ko yau ko gobe ne. Kai yaushe?"

"Kwanan nan, uwata."

"Kullum kwanan nan. Baba, muryarka ta canja. Me kake ɓoye mini?"

Da ta kashe ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Ka aro keken marasa lafiya wajen masallaci. Amma bakin ƙofa zan tsaya, ba zan shiga masa ba."

Haka aka yi ranar Lahadi. Na bar shi a baranda, ni da Zayyanu muka shiga da bayanin likita. In mutumin nan ya ce a'a, babu wata ƙofa kuma. Alƙalin ba tsoho ba ne ma, siriri ne mai tabarau. Ya karanta, ya tambayi ina Jibrin ɗin yake. Zayyanu ya yi masa bayani da Larabci, ya faɗi gaskiyar abin da ya hana shi shigowa. Sai alƙali ya cire tabarau, ya miƙe, ya fito baranda da ƙafarsa.

Jibrin ya yunƙura zai tashi, alƙali ya dafa kafaɗarsa ya mayar da shi.

"Cewa yake," in ji Zayyanu, "tun da ciwon ya fara me ya hana ka dawowa wurinsa? Ya ce da tuni ya sallame ka."

Abin da alƙali ya nema kawai wani ya tsaya wa Jibrin a kan maganar ɗan dako. Na ciro iƙamata, katin zamana a ƙasar, na miƙa. Ko shayin da aka kawo masa bai huce ba aka gama. Saura umarnin ya isa ofishin fasfo, ubangidan Jibrin ya buga masa izinin fita.

A hanyar gida Jibrin ya jingina kai da gilashi, idonsa a rufe. Na ɗauka barci yake, sai na ji ya ce, "Ɗanbala, bai ji haushi ba ko?"

"Bai ji ba."

"Ka tabbata?"

"Har addu'a ya yi maka."

"To alhamdulillahi. Mutumin kirki ne."

Izinin ya fito ranar Laraba, aka samu jirgin Asabar. Alhamis da hantsi na dawo daga kantin magani na tarar da shi a jingine da bango, fuskarsa tana kallon ƙofa, ya riga ya cika. A nan Riyadh muka sallace shi bayan la'asar, mu da 'yan kasuwar Utaiqa da Zayyanu, har da ɗan dakon nan da sandarsa. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Hajar ta haihu ranar Asabar, namiji. Mijinta ne ya yi huɗubar. Na sami wani ɗan Gashuwa da zai koma gida ya yarda ya tafi da akwatin. Da na shiga ɗakin ɗauko shi, yana nan bakin ƙofa inda Jibrin ya ajiye shi, ɗaure da igiya, takalman suna sama, ko zaren da ya haɗa su ba a tsinke ba.