Igiyar Ƙafar Inju

Sandugash tana shigowa tsakar gida, waya manne a kunne, mahaifiyarta ta cafke hannun rigarta.

"Kashe abin nan. Ke za ki yanke wa Inju igiya."

"Ni kuma, Apa?"

"To wa? Duk garin Esik akwai mai saurin ƙafarki? Tun daga bakin titi na gane takunki, kamar wadda kare ya biyo."

Inju 'yar Dauren ce, ƙanin Sandugash, kwanan nan ta fara tatata. An shimfiɗa farin ƙyalle a kan ciyawa, an tsayar da ita a bakinsa, ƙafafunta ɗaure da igiya mai saƙar baƙi da fari. A al'adar garin, kowa ya san wanda ya yanke igiyar nan, sawunsa yaro zai bi har girmansa. Shi ya sa ba a ba malalaci aikin, ba a ba mai yawan tuntuɓe.

Ita kuwa Sandugash abin kwatance ce a dangi, babbar sakatariya a wani kamfanin gine-gine a birnin Almati. Ita kaɗai ta san a tsaye take cin abinci, kuma kullum da faɗuwar gaba take farkawa. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Kai, ko kanta ba ta samu zama ta gaya wa ba.

Aka nemi almakashi sama da ƙasa aka rasa. Apa ta shiga ɗaki ta fito da wata 'yar wuƙa mai lanƙwasasshen baki, ta danƙa mata. Wuƙar marigayi Baba ce, wadda yake yi wa itatuwan tuffa aure da ita. Ƙotar ta yi sulɓi daidai inda babban yatsansa yake zama.

Ta durƙusa gaban yarinyar. Inju ta miƙo hannu mai maiƙon gurasa ta kama mata ɗan kunne. Sandugash ta dubi ƙananan ƙafafun nan, sai tausayi ya cika mata ƙirji. Wato a kan sawunta za ta aika 'yar mutane? Ta yi ta gudu a kan matakalar ofis, tana riƙe da takardun wani, har furfura ta cim mata? A karo na farko ta tambayi kanta, ita duk saurin nan ina za ta.

Ta ɗaga kai. Bayan katanga ga gonar Baba nan, ciyawa ta kai gwiwa, rassa sun yi cunkus babu mai sassabe. Dauren ya samo mai saye, ita ma ta ce to a waya, tana tsakiyar wani aikin. Yanzu sai ta hango kanta a cikin gonar da sanyin safiya, da takalmin roba da tsohuwar rigar Baba, tana naɗe reshe da tsumma. Ta hango Inju ta girma ta zo hutu, ta same ta a zaune tana shan shayi, a zaune sosai kamar kowa. Abin ya fito mata tar, har ya ba ta tsoro.

"Wuƙar ce ta dakushe, ko mai wuƙar?" in ji wata gwaggo. Aka kwashe da dariya.

Sandugash ta yafito ƙaninta. Ya sunkuyo.

"Dauren, ka ce wa mutumin nan an fasa sayar da gonar."

"Haba Apke yayata, yanzu? Nama na hucewa, mutane na jira."

"Yanzu. In ba haka ba, ku nemi wani ya yanke."

"To wa zai kula da ita? Ke da furen tukunya ma ya mutu a hannunki?"

"Ni Baba ya fara koya wa auren itace, lokacin kai kana fitsarin kwance. Zan ajiye aiki. Kafin ƙanƙarar hunturu mai zuwa ta narke na dawo."

"Da gaske kike?"

"Wallahi tsoro nake ji. Amma da gaske nake."

Ya sosa ƙeya. "To yanke mana. Ƙafar 'yata ta gaji."

Ta yi bismillah, ta sa wuƙar. Igiya ta rabu biyu, mata suka watsa alewa, yara suka yi wawa. Ta kama hannun Inju suka hau farin ƙyallen. Wayarta tana ta ɓari a kan ciyawa inda ta ajiye ta, ba ta waiwaya ba. Yarinyar ta ɗaga ƙafa, ta yi tangaɗi, ta tsaya tana nazarin yatsunta. Sandugash ma ta tsaya, ta jira ta.

"Af!" in ji gwaggon nan. "An ce mana mai sauri aka samo. A haka sai la'asar su kai ƙarshe."

Apa ta share ido da bakin ɗankwalinta.

"Ku ƙyale su," ta ce. "Su biyun duka yau suka fara koyon tafiya."