Darasin Suruki a Dajin Kutemeshi

Shekarar da Maliki ya faɗi jarrabawar rubutun Turanci, duk Birnin Gwari mutum ɗaya ne zai iya taimakonsa, kuma aka yi rashin sa'a mutumin surukinsa ne.

Lokacin Turawa ke mulki. Maliki malamin elementare ne, En'e ta tura shi kwalejin horon malamai a Zariya ya ƙaro ilimi. Lissafi bai ba shi wahala ba, labarin ƙasa ma haka. Amma duk abin da ya rubuta da Turanci sai Baturen da ke koyar da su ya dawo masa da shi jawur da tawada, kamar an yanka kaza a kai. Ranar da za su tafi hutun damina Baturen ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye: in an dawo za a sake masa jarrabawa, in ya sake faɗuwa ya ɗaure akwatinsa.

Surukin nasa, Malam Audi, malamin daji ne. Ya daɗe yana rubuta wa Baturen gandun daji rahoto, har ana cewa Baturen ba ya samun abin gyarawa. Sai dai a garinmu suruki ba abokin zama ba ne. Tun da Maliki ya auri Safiyatu, shi da mahaifinta ba su taɓa haɗa ido ba, balle su zauna tabarma ɗaya wani na ce wa wani nan ka yi kuskure.

Saboda haka aka mai da Safiyatu 'yar aike. Maliki ya rubuta, ta naɗe takardar ta kai gidansu, kashegari ta karɓo. Ni dai ban taɓa jin gyara mai ladabi irin wannan ba. Malam Audi zai ga kuskure ƙato, zuciyarsa ta yi ta tafasa, amma ya ɗora fensir sai ya tuna 'yarsa ce za ta riƙe takardar ta kai wa mijinta. Sai ya ɗiga ɗan ɗigo a gefe, ya rubuta ba laifi a ƙasa. Maliki kuwa ya duba, ya ji daɗi, ya ƙara rubuta wata da kurakuran jiya.

Safiyatu ba ta yi boko ba, amma tana da ido. Ta je ta sami mahaifiyarta, Hajjo, tana tankaɗen gari.

"Inna, takardun da ya zo da su daga Zariya duk ja ne. Waɗanda nake karɓa a nan fes suke dawowa. Ko dai ya iya cikin kwana kaɗan, ko Baba kunyarsa yake ji."

Hajjo ba mai ajiye magana ba ce. Malam Audi na shigowa daga masallaci ta tare shi. "Malam, in yaron nan ya dawo da akwati a ka, kunyar taka ce za ta ciyar da su? Gari kaf za a ce surukin malamin daji ne aka koro saboda Turanci."

Maganar ta shige Malam Audi. Bayan kwana biyu saƙo ya bi ta bakin Hajjo zuwa Safiyatu zuwa Maliki, cewa Malam zai fita rangadin iyakar gandun daji wajen Kutemeshi, yana neman mai riƙe masa igiyar awo.

Suka tafi a kan kekuna, Malam Audi a gaba, Maliki can baya kamar ba tare suke ba. A Kutemeshi suka ajiye kekunan suka shiga daji a ƙafa, gamba ta fi tsayin mutum, raɓa ta jiƙa su sharkaf. Suka yi ta tafiya har hantsi ya yi. Sai Malam Audi ya tsaya gaban wani maɗaci, ya zuba wa itacen ido, ya yi magana da Turanci. Ya ce daga nan har su fita dajin nan ba Hausa. Ya kuma kira Maliki da sunansa, abin da bai taɓa yi ba.

Abin mamaki, da harshe ya sauya sai nauyin ya ragu. Ba wanda ya taɓa koya musu yadda ake jin kunyar suruki da Turanci.

Malam Audi ya fara da yadda Turanci ke bambanta abin da ya wuce da wanda ake ciki, don nan Maliki ya fi tuntuɓe. Ya nuna masa kututturen ƙirya da aka sare bara, ya ce ya faɗi abin da ya faru da Turanci. Ya nuna masa doka da gara ta fara ci ba ta gama ba, ya ce ya faɗa. Ya nuna masa kaɗanya da ta jingina da dutse, wadda da ba don dutsen ba da tuni ta faɗi, nan Maliki ya yi gumi. In bakin ya daidaita sai ya zauna ya rubuta a kan gwiwarsa. Yanzu kam fensirin Malam Audi ba ya jin tausayi. Ya ce masa matsalarsa ita ce yana ɗora wa jimla ɗaya kayan da ya kamata jimla uku su ɗauka, kuma ƙananan kalmomin nan da Turawa ke sawa gaban suna yana watsa su duk inda ya ga dama.

A wata ruga matar Bafulatani ta dama musu fura a ƙwarya ɗaya da ludayi ɗaya. Suka tsaya suna kallon ƙwaryar. Yunwa ta yi musu hukunci, suka sha.

Wani lokaci Malam Audi kan ce, don gwaji, Maliki ya ba shi labarin gidansa. Safiyatu 'yar fari ce a wurin Malam Audi, don haka ba ya hira da ita, ba ya kiran sunanta. Nan a gindin itace, yana gyara jimla, ya ji cewa tana rera waƙa in tana daka, kuma har yanzu tana tsoron tsawa. Ya yi ta sa Maliki ya maimaita, wai jimlar ba ta zauna ba, alhali ta zauna.

Ranar ƙarshe suka yi gardama kan wata jimla, har murya ta tashi. Maliki ya kafe, ya kawo dalilinsa. Malam Audi ya sake karantawa, ya ga yaron ke da gaskiya, ya yi dariya har da tari. Suna ɗaukar kekunansu a Kutemeshi Hausa ta dawo, kowa ya koma matsayinsa.

Maliki ya koma Zariya ya yi jarrabawa. Da aka yi hutu ya sauka daga babbar mota a bakin kasuwa, bai ko isa gida ba sai ga Malam Audi tafe tare da wasu dattawa. Maliki ya ratse gefen hanya, ya cire takalmi, ya durƙusa. Ya san abin da ya dace shi ne ya gaya wa Safiyatu, ta gaya wa Hajjo, Hajjo ta gaya wa Malam. Ya kasa jira. Kansa a sunkuye, a hankali, ya faɗa masa da Turanci cewa ya ci jarrabawar, kuma ba zai taɓa mantawa ba.

Malam Audi bai waiwaya ba. Ya ce, "Madalla. A gai da mutanen gida," ya ci gaba da tafiya.

Dattawan suka tsaya a ƙofar gidansa kamar yadda suka saba, suna jiran ya shiga gaba. Shi kuwa ya wuce ƙofar bai gan ta ba, yana ta tafiya yana goge ido da hannun riga, sai da ɗayansu ya bi shi ya riƙo shi.