Tukunyar da Ba Ta da Allura

Shekara goma sha ɗaya Maman Kwalba da mijinta suna noman laimar kwaɗi, irin wadda ake ci, a ɗakin baya na gidansu, kuma tun farko aikin a rabe yake. Shi ne mai tukunya. Zai jiƙa hatsi, ya zuba a kwalabe, ya toshe hujin kowane murfi da auduga, ya jera su cikin tukunyar furesha don tururi ya kashe duk wata ƙwayar cuta. Sannan ya ja kujera ya ƙura wa allurar ma'aunin da ke kan murfin ido awa ɗaya da rabi, ko sallama ba ya amsawa. Ita kuma mai cokali ce. In kwalabe sun huce sai ta wanke hannu har gwiwa, ta riƙe numfashi, ta ɗebi iri daga uwar kwalba ta zuba wa kowace. Hannunta bai taɓa ɓata kwalba ba, kuma ba ta taɓa tambayar abin da allurar nan ke nunawa ba. Me ya kai ta, ga mai abin a zaune?

Irin nasu kuwa ba a samunsa a kasuwa. Mijin ne ya tsinto shi jikin wani ruɓaɓɓen kututture, ya yi ta rainonsa daga kwalba zuwa kwalba, kuma irin nan kaɗai ke jure zafi lokacin da na kowa ke mutuwa. Bai taɓa ba kowa ba. Ko ƙaninsa Auta, da shi ma yake taɓa sana'ar, sau biyu yana roƙo ana ce masa ya fara koyon yanke farce tukuna.

Wata biyar da rasuwar mijin, tukunya ma ta bi shi, gindinta ya tsage. Uwar kwalba ɗaya tak ta rage a firji, ga shi ta fara yin rawaya a gefe, alamar tsufa. In ba a sauya mata sabon hatsi cikin sati biyu ba, irin ya tafi ke nan har abada.

Sai ga Auta da fara'arsa. Shi dama tun tana amarya yake tsokanarta, in ya shigo gidan sai an ji dariya. Ya ce matar yaya ba za ta je sayen tukunya ita kaɗai a cuce ta ba yana raye, ya ɗauke ta a motarsa har kantin kayan girki. Wallahi har ƙwalla ta yi a hanya don jin daɗi.

Suna shiga idonta ya faɗa kan wata doguwar tukunya can saman kantar kaya, mai kauri, da allura a murfi, kai ka ce ƙanwar ta marigayi ce. Ita kaɗai ce irinta. Ta nuna, Auta ya tuntsire da dariya. Ya ce wannan ai ta mutanen da ce, nauyinta kaɗai zai karya mata baya, kuma wanda bai san kanta ba tana iya tashi da rufin ɗaki. Ya jawo wata mai sheƙi, ta lantarki, wadda maɓalli kawai ake dannawa. Mai kanti ya buɗe baki zai yi magana, Auta ya dafa kafaɗarsa ya shiga tambayarsa jikin mahaifiyarsa.

"Amma ba ta da allura," in ji Maman Kwalba.

"Shi ne daɗinta, matar yaya. Ba sai kin zauna gadi ba."

Ta yarda. Wa za ta yarda da shi in ba shi ba?

Ranar zuba iri ma ya zo taya ta. Al'adarta ta bar kashi ɗaya cikin uku a uwar kwalba saboda tsaro, amma Auta ya ce irin ya tsufa, ajiye shi asara ce, ta juye duka. Ta juye a kwalba ashirin da huɗu. 'Yan ƙwayoyin da suka manne a gindi kuwa, ya rufe murfi ya jefa kwalbar cikin jakarsa, wai zai wanko mata.

Kwana biyar ɗakin baya ya fara tsami. Maimakon farin zaren irin ya bi hatsi, sai hatsin ya jiƙe ya yi yauƙi, koren fumfuna ya ɓullo nan da can. Kwana goma babu kwalbar da ta tsira. Ta zauna a ƙasa ta yi ta duban hannayenta, don ita a tunaninta su ne suka ci amanar marigayi. Kunya ta hana ta gaya wa kowa.

Da ta gaji da kuka ta rungumi tukunyar ta koma kanti, ko wani abu ne ya lalace a ciki. Mai kanti ya ji bayani ya girgiza kai.

"Mama, lafiyarta ƙalau, ta dafa wake ce. Ƙarfin tururinta sha ɗaya ne a awo, aikinku kuwa sai allura ta kai sha biyar. Ƙanin maigidanki ya sani, shi da kansa ya zo ya tambaye ni kwana biyu kafin ku zo."

Ta ɗaga kai ta dubi inda ta ga doguwar tukunyar rannan. Wayam. Mai kanti ya ce ai dama Auta ne ya sa a ajiye masa doguwar, shi ya sa aka ɗora ta can, kuma da la'asar ɗin ranar ya dawo ya ɗauka.

A nan ta bar tukunyar lantarkin. Ba ta san yadda ƙafa ta kai ta gidan Auta ba. Matarsa ta buɗe ƙofa ta kasa haɗa ido da ita, daga ciki kuma ana jin hucin tururi, sautin da Maman Kwalba za ta gane ko cikin barci. Ta bi shi har kicin.

Ga Auta kan kujera, ya ƙura wa allura ido, zaman yayansa sak. Bayansa kwalabe shida a jere, farare tas kamar auduga, kowace an manna mata takarda an rubuta "Irin Auta". A gefe ga uwar kwalbarta an wanke, da rubutun marigayi a murfi.

Abin haushi, abin da ya fara zuwar mata farin ciki ne. Irin yana raye. Sai daga baya baƙin cikin ya taso mata.

Auta ya sha jinin jikinsa, ya shiga kame-kame. Wai don kada irin yaya ya salwanta ya yi, wai mace ita kaɗai aikin ya fi ƙarfinta, wai dama yana shirin kawo mata. Ya ce ai ya san ba za ta iya ba.

"Ka san ba zan iya ba," ta ce, "ko kuwa ka tabbatar ba zan iya ba?"

Ta wuce shi ta zaɓi kwalba biyu mafiya fari, ta ɓare takardun ta manna masa a hannun kujera, ta haɗa da uwar kwalbarta. Ya yunƙura zai tare ta, sai allura ta fara haurawa, dole ya koma ya rage wuta, don in ya bar tukunyar nasa hatsin ne zai lalace. Ita ma ta tsaya ta dubi allurar da kyau, karo na farko a rayuwarta. Ta ga inda sha biyar take, ta riƙe.

Tana bakin ƙofa ya kira ta da muryar nan tasa ta wasa, wadda ta saba sa ta dariya ko tana fushi.

"Haba, matar yaya."

Ta gyara riƙon kwalabe a ƙirjinta, ba ta juyo ba.

"Yayanka ya rasu, Auta. Ka nemo wani sunan."