Hatimin Dogo Mai Hoto

Ina da wani ɗan hali da ba na alfahari da shi: in ka miƙo mini hoto, bayansa zan fara dubawa. Na ƙarar da ƙuruciyata a wani ofis ina buga wa takardun mutane hatimi, har gashin kaina ya gaji ya tafi ya bar ni a kan kujerar. Aikin ya koya mini cewa fuska tana ƙarya, baki ma haka, amma hatimi ba ya yi. Yayana ya laƙaba mini Malam Hatimi, kuma ba don yabo ba.

Da kan Babanmu ya fara rikicewa sai muka mai da shi gidan Yaya. Ni na kawo shawarar, kowa kuma ya ce ta yi. Gidan Yaya bene ne, da fanka marar ƙara da banɗaki a cikin ɗaki. Ni kuwa ina tsohon gidanmu, wanda in ka yi tari da ƙarfi sai bango ya zubo maka da ƙasa a shayi. Ɗakin Baba ya fi kowane ɗaki haske, don haka na shigar da teburina ciki, kada ya zauna a banza ɓeraye su samu masauki.

Tun daga lokacin Baba ya riƙe magana ɗaya. Yana zaune a bakin tagar bene, hannunsa a kan ƙarfen, duk wanda ya shigo sai ya ce, "Ku mai da ni gida."

Yaya yakan ce, "Baba, ai gida kuke," ya ƙara wa fanka gudu. Autarmu takan gyara masa matashi ta fita tana share ido. Babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa wane gida tsohon nan yake nufi. Wannan ne ya ƙona mini rai. Likita ya riga ya gaya mana cewa ƙafafun Baba ba za su daɗe suna ɗaukarsa ba. In za a kai shi wani wuri, yanzu ne, amma 'yan'uwana sun ɗauki fanka ta zama amsa.

Abin da muka sani game da kakanmu bai cika cokali ba. Ya rasu kafin a haife mu, Baba kuma bai taɓa zama mai ba da labari ba. Sai na jawo tsohon akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gadon Baba. Gara ta riga ni karanta yawancin takardun, ta bar mini gefe-gefe. Amma hotunan kakanmu suna cikin gwangwanin biskit, lafiya ƙalau, kuma a bayan kowanne akwai hatimin shagon hoto, da sunan gari, da shekara.

Na manna taswira a bango. Na sayi fil da jan zare. Na jera hotunan a kife a kan tebur, ina bi da gilashin nan mai ƙara girman rubutu. Hanya ta fito ɓaro-ɓaro. Kakanmu yana saurayi a garin da ake haƙar ƙarfe. Daga nan ya gangara garin da jirgin ƙasa yake shan ruwa. Ya ɗan ɓace mini, na yi kwanaki ina jin haushinsa, sai ga shi ya ɓullo a garin bakin kogi, kuma a can ya daɗe. Hoton da matata ta ce mini akwai jariri a cinyarsa, hatimin garin bakin kogi ne a bayansa. Jaririn nan Baba ne. Ke nan can aka haife shi, can ne gida.

Na kwashi hotunan na nufi gidan Yaya. Na same shi a ƙofa yana goge motarsa kamar mai yi wa jariri wanka.

Na ce, "Yaya, motar nan nake so ranar hutu. Na gano gidan da Baba yake nema."

"A ina ka gano shi? A cikin gwangwanin biskit?"

"A cikin shaida. Ga hatimi, ga shekara."

"Malam Hatimi ke nan! Kai da za ka mutu, sai ka tambayi mala'ikan ina takardarsa." Ya matse tsumman. "Tsoho ba shi da lafiya, kana so ka jijjiga shi a hanya don ka gwada jan zarenka?"

"Ni ne ma zan jijjiga shi? Kun ɗora shi a sama kamar tsohuwar katifa, ko ƙasa ba ya takawa. Yana roƙonku abu ɗaya tak, kuna ba shi iska!"

"Wa ya ce a kawo shi nan?"

"Wannan wata magana ce daban."

Auta ta leƙo ta taga ta ce, "Don Allah ku rage murya, maƙwabta sun kashe rediyo suna sauraronku." Sannan ta sauko ta tsaya a tsakaninmu, ta ce in ba a je ba, ni ba zan bar kowa ya yi barci ba har ƙarshen duniya. Yaya ya yarda, da sharaɗin shi zai tuƙa, domin a cewarsa mutumin da ba ya duban gaban abu ba a ba shi sitiyari.

Mu biyu muka sauko da Baba daga benen, ba shi da nauyi ko kaɗan. Da ya ga mota sai fuskarsa ta washe. Ya ce, "Gida?" Na ce, "Gida, Baba," ina kallon Yaya don ya ji da kyau.

Hanyar ta fi yadda take a taswira tsawo. A taswira babu ramuka, babu tayar da ta sace a tsakiyar daji, babu Yaya yana tsaki duk lokacin da na ce a karya dama. Baba ya yi amai har Auta ta ƙarar da ledojin da ta zo da su. Duk da haka ina zaune a gaba da gwangwani a cinya kamar wanda ya ɗauko gawar sarki.

Hatimin ya ce shagon yana daura da tsohuwar gada. Mun sami gadar. Daura da ita babu komai sai wani mai faci da tulin tayoyi, ya ce shi bai taɓa jin an yi shagon hoto a wurin ba, amma in muna so zai duba mana tayar baya. Na buɗe wa Baba ƙofa. Kogin yana gabanmu, faffaɗa, yana ƙyalli.

Na ce, "Baba, kun gane nan?"

Ya dubi ruwan, ya dubi gadar, ya dubi mai faci. Ya ce, "Ruwa da yawa." Sannan ya kama hannun rigata. "Ku mai da ni gida."

Yaya ya juyo ya zuba mini ido. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na buɗe gwangwanin da ƙarfi har murfin ya faɗi. Na tura wa Baba bayan hoton a fuska. "Ga shi nan a rubuce! Nan aka ɗauke ku kuna jariri. Nan kakanmu ya zauna. Ba ni na buga hatimin nan ba!"

Auta ta ce mini, "Haba, tsoho kake yi wa ihu."

Baba ya karɓi hoton ya kai shi kusa da ido, ya daɗe yana kallon hatimin. Sai ya yi dariya, irin wadda rabona da jin ta tun yana tsohon ɗakinsa.

"Dogo ke nan," in ji shi. "Dogo mai hoto, abokin babana. Ɗan banza, ba ya iya zama wuri ɗaya. Duk garin da ya buɗe shago sai ya yi faɗa da mai gidan, ya tattara komatsansa ya yi gaba. Amma duk inda yake sai ya zo wurin babana da akwatinsa mai ƙafa uku. Ya ɗauka, ya koma can ya wanke, ya aiko."

Na ce, "To shi kakanmu fa? Yaushe ya taso daga garin ƙarfe?"

"Wa? Babana?" Ya sake dariya har ya ƙware. "Babana ko tasha ba ya zuwa rakiya. Warin mota amai yake sa shi."

Yaya ya kifa kansa a kan sitiyari, kafaɗunsa suna rawa. Auta ta toshe baki da mayafi.

Na ce, "Ku yi dariya. Wannan tsohon da safe ya kira ni da sunan ƙaninsa da ya mutu, ya tambayi Yaya ko shi ne mai gyaran famfo. Shi za ku gaskata, ku bar hatimi? Da irin wannan shaidar ake aiki a ofis, da tuni ƙasa ta kife!"

"Shiga mota, Malam Hatimi," in ji Yaya. "Ka bar Dogo ya huta, ya sha yawo."

Muka kamo hanyar dawowa. Ina ta shirya hujjoji a raina, masu kyau kuwa, irin waɗanda ba sa zuwa sai an gama faɗa. Da yamma Yaya ya tsaya a bakin lungunmu don ya sauke ni. Baba, wanda muka ɗauka barci yake, ya ɗago kai ya dubi lungun, da famfon da ke zuba, da itacen da ya karkato kan katangarmu. Ya ce, "Yawwa." Ya fara laluben mariƙin ƙofa.

Na ce, "Auta, riƙe shi, ya gaji. Ku kai shi ya kwanta." Na rufe ƙofar motar da ƙarfi don Yaya ya ji a jikinsa.

Na wuce matata a tsakar gida ban amsa sannunta ba. Na buɗe ɗakin da teburina yake, ƙofar ta cije kamar kullum, na sa mata ƙafa a daidai facin gwangwanin da ke ƙasanta. Na fizge jan zaren daga bango, fil suka watse. Na juye hotunan a kan tebur, wannan karon suka zubo fuska a sama.

Ga kakanmu yana saurayi, ga shi da jariri a cinya, ga shi da furfura da sanda. A kowanne yana zaune a gaban wata ƙofar katako mai karkatacciyar sakata, da facin gwangwani a ƙasanta ta hagu.

Ƙofar ɗakin Baba ce. Makullinta yana aljihuna.