Layin Malam Zailani

Malam Zailani, malamin lissafi a wata sakandare a Ƙanƙara, ya sayi sabon layin waya. Don tsabar nema wa kansa aiki ya zuba lambar a kwamfutar makaranta, sai ga shi ta fito irin lambobin nan da ba abin da ke raba su daidai sai ɗaya da su kansu. Ko ɗansa na fari bai yi wa murnar da ya yi ran nan ba.

Daga nan kowa ya shiga uku. Ɗalibai, mai shayi, har surukinsa da ya zo daga Sabuwa ganin likita, duk sun sha bayani: biyu ba ta raba ta, uku ba ta raba ta, in ka ƙara mata biyu kuma ka samu 'yar'uwarta mai irin halinta, tagwaye ke nan. Burinsa kawai a samu mutum guda ya riƙe ta a ka, amma ko ɗalibin da ya fi kowa ƙoƙari bai iya ba. Abin na ci masa rai ƙwarai.

Ashe tsohon layi ne aka sake sayarwa, na wata Goggo Talatu mai ƙuli-ƙuli a Faskari, wadda ta koma wurin ɗanta. Yana tsakiyar darasi waya za ta ɗau ƙara.

"Goggo, a aje mani kwano biyu, mai yaji."

Shugaban makaranta ya gaji, ya ce ko dai ya canza layi, ko wayar ta daina shigowa makaranta. A gida ma matarsa Mansura ta ce, "Malam, mi za ka yi da lambar da ba ta bari ka ci tuwo? Ka yar da ita mana."

"Mansura, ba ki san mi kike hwaɗi ba. Irin wagga lamba ba a tsintar ta kullum."

Sai ya riƙa barin wayar a gida, a kan firji. Mansura kuwa ba ta iya jin waya na kuka ta ƙyale. Ranar farko ta ba masu kira haƙuri. Da abin ya yi yawa, ta aika aka auno mata gyaɗa.

Kafin hutu wayar ta koma ɗaure a bakin zaninta, Malam sai ya roƙa kafin ya kira ƙanensa.

Wata Talata yana tasha, ya ji wani direba na karanto wa abokinsa lambar nan tiryan-tiryan, ba ko tuntuɓe. Daɗi ya kama Malam har idonsa ya kawo ruwa. Ya matsa ya riƙe hannun mutumin.

"Bawan Allah, ka san ko wace irin lamba ce ka karanta?"

"Haba Malam, wa bai san ta ba? Ta Mansura ce mai ƙuli-ƙuli. In kana so ka kira da wuri, kahin azahar ya ƙare."