Katakon Zama

Uzairu ya sake ɗaga firjin, ya karkata shi, ya tura shi lungun da ke tsakanin bangon kwalekwale da katakon zama. Ya ƙi shiga. Tun hantsi yake wannan fama a bakin ruwan Tiga, kwalekwalen rabi a ruwa rabi a kan yashi.

Firjin ba nasa ba ne, na matarsa Ramla ne. Ɗan ƙarami ne mai aiki da batirin mota, wanda yayanta direba ya kawo mata tsaraba, a ciki take sanyaya zoɓon da take sayarwa a ƙofar gida. Ita ce da bakinta ta ce ya ɗauka, ganin yadda karfasar da yake kamawa ke yin laushi kafin ya iso gaɓa, dillalai su yi ta yatsina fuska suna karya masa kaya.

"Aro ne fa, Maigida," ta ce tana dariya. "In azumi ya zo zan karɓi abina."

Ya riga ya kwance hannuwan firjin da ƙafafunsa, kamar yadda Surajo mai gyara a Tudun Wada ya nuna masa. Abin da ya rage bai fi kaurin yatsa ba. Da zai ɗan ɓantare gefen katakon, da tuni an gama.

Ya ɗora zarto a kai, sai ya ɗauke.

Tun yana yaro yake jin cewa katakon nan daga ƙyauren gidansu na tsohon gari yake, wanda mahaifinsa, Malam Buba, ya ɗauko a ka ranar da aka tashe su, kafin ruwa ya shanye garin. Duk sanda suka bi ta saman wurin a kwalekwale, tsohon yakan dafa katakon, ya yi shiru yana motsa leɓe. Ga shi Uzairu ɗan fari ne. Mahaifinsa bai taɓa kiran sunansa ba, magana ma sai dai a aiko ta bakin wani. Ta ina zai fara ce masa, "Baba, zan yanke ƙyauren gidanku in sa firji"?

Ga tsohon can ƙarƙashin gawo yana ɗinkin komar kamun kifi. Uzairu ya dube shi, ya sunkuyar da kai, ya juya kan firjin.

Surajo ya ja masa kunne cewa kada ya taɓa bangon firjin, akwai siraran bututun iskar sanyi a ciki. Amma ai kusurwa kawai zai rage. Roba ce, sai soso a bayanta. Ya yi bisimilla ya fara, a hankali, yana hure garin robar. Ya kusa gamawa ke nan ya ji zarton ya ciji wani abu mai tauri. Sai wani sauti siriri, tsiii, kamar maciji a cikin ciyawa. Ya toshe wurin da babban yatsa. Sanyi ya ratsa yatsan, ya yi ta raguwa, har ya daina.

Ya kira Surajo a waya.

"A cikin bango? Haba Uzairu! Ba na gaya maka ba? Wannan sai dai a yi akwatin ajiya da shi."

Uzairu yana zaune a gefen jirgin Ramla ta iso da kwanon abinci. Ta dubi kusurwar da aka yanke, ta dubi fuskarsa. Ta ajiye kwanon a kan yashi.

Malam Buba ya taso yana dogara sanda. Ya leƙa cikin jirgin, sannan ya juya wajen surukarsa, kamar ɗan nasa ba ya wurin.

"'Yar nan, tambayi mutumin naki, me ya hana shi rage katakon?"

Ramla ta durƙusa. "Baba, ai ƙyauren tsohon gida ne."

"Wane ƙyaure? Gara ta cinye wancan tun yana goye a baya. Wannan a kasuwar Tudun Wada na saye shi."

"Amma Baba..." Uzairu ya ji muryarsa ta fito ba shiri. "Kullum kana dafa shi in mun zo saman gari."

Tsohon ya daɗe yana kallon ruwa.

"Iyayena ne kwance a ƙasan nan. Su nake wa addu'a. Katakon kuwa, gwiwa ce ba ta riƙe ni. Da an tambaye ni, da an ji."

Ya ajiye sandar, ya ɗauki zarton, ya yi nuni da haɓa. Uzairu ya danne masa katakon da hannu biyu. Ba a jima ba guntun katakon ya faɗa cikin jirgi. Suka ɗaga firjin tare, ya zame ya zauna daram a lungun, kamar don wurin aka ƙera shi.

Ramla ta matso ta buɗe murfin, ta zura hannu ciki yadda take yi kowace safiya kafin ta jera robobin zoɓo. Ta daɗe a haka. Sannan ta rufe shi a hankali.

"Ku ci abincin," ta ce, "kada ya huce."