Hanyar Malam Suma'ila

Da mutanen unguwa suka gaji da filin gaban masallacinsu a cikin Birnin Damagaram, wanda ya zama rabi juji rabi makwancin awaki, ba su yi nisa wajen neman mai gyara ba. Ga Wasila 'yar Malam Suma'ila baduku, ta yi karatun itatuwa har Yamai, kullum tana biro, wato ofis, tana tsara wa wasu garuruwa inuwa. Mai unguwa ya ce ta zo ta tsara wa nata.

Wasila ta san garinsu. Wanda duk ya ce zai shuka ciyawa da furanni a Damagaram, inda mata ke jera bokiti a bakin famfo suna jiran tsammani, neman magana yake yi. Ta zaɓi dogonyaro da tsamiya, waɗanda in sun kama ƙasa ba su ƙara neman kowa. Aka ba ta shawarar kurna da aduwa, ta ƙi saboda ƙaya, don yara ba takalmi suke wasa. Ta sa aka gina dakali na dutse, babu katakon da gara za ta ci. Kowane dashe kuma aka zagaye shi da tubali kusan ƙugu, tunda awakin Birni ba su san na jama'a ba, ba su san na mai unguwa ba. Da ruwan farko ya sauka aka dasa, layi-layi, gwanin kyau.

Kowa ya yaba, ban da mahaifinta, kuma wannan bai dame ta ba. Ita ce 'yar fari. Tun da aka haife ta Malam Suma'ila bai taɓa kiran sunanta ba, sai "yarinyar nan", bai kuma taɓa yabonta a gaban mutane ba. Haka kunyar ɗan fari take, a cikinta ta girma.

Abin da ya dame ta daban ne. Tsohon ya daina fita. Shekarun baya idonsa ya tafi, ya ajiye wuƙa da fata, amma bai yarda a ja masa sanda ba. Daga zaurensa yakan ratsa filin a karkace har ƙofar masallaci, shi kaɗai, daga nan ya zauna hira da amininsa Nomau. Fitarsa ke nan a duniya. Yanzu yana zaure, ya ce gwiwa ce. Ya fara rama, hirarsa ta ragu.

Ƙanwarsa, Gwaggo Balki, ita ta fasa maganar, ranar da Wasila ta kawo man shafawa.

"Ajiye man nan," in ji Balki. "Wace gwiwa? Tubalinki ya ci karo da shi tun ranar da aka gama, ya faɗi a gaban mutane. Kin dasa masa itace a tsakiyar hanya."

"Gwaggo, me ya sa bai faɗa ba?"

"Ya faɗa wa wa? Ke? Ko ya je ya kai ƙarar aikinki wurin mai unguwa? Ai gara ya ruɓe a zaure."

Wasila ta ji kunya, ta ji tausayi. Ta tuna da ƙaya, da gara, da awaki, ta manta da mutumin da ke gidansu. Ga shi ba ta da bakin zuwa ta ce, "Baba, na ji ka faɗi." Yin haka ƙara kayar da shi ne.

Ta jira aka yi ruwa, rairayin filin ya kwanta lumui. Da hantsi ta zo ta tsaya tana duban sawu. Ashe ba tsohon kaɗai ba ne: duk unguwar a karkace take ratsa filin, masu ido dai kauce wa tubali suke yi. Ta kira Nomau, ya taka mata hanyar amininsa daga zaure zuwa ƙofar masallaci, tana binsa tana jan layi da kara. Dashen da suka tare hanya ba su yi saiwa mai nisa ba, aka ciro su da ƙasarsu aka matsar gefe. Sannan ta sa aka kawo faffaɗan duwatsu a amalanke, aka binne su a jere daidai da ƙasa, yadda ƙafa ba za ta yi tuntuɓe ba, amma sanda za ta ji bambancinsu da rairayi.

Fitar da shi aikin Nomau ne. Ya zo da la'asar ya tsaya bakin zaure. "Suma'ila, ko takaba kake yi ne? Tashi, an canja filin."

Tsohon ya yi ta gunaguni, amma ya tashi. Wasila tana kan dakali, ta yi kamar tana duba wani dashe. Ya miƙa sanda, ta nutse a rairayi. Ya sake miƙawa, ta ce ƙwas. Ya tsaya. Ya ƙara gaba, ƙwas. Daga nan ya janye hannunsa daga kafaɗar Nomau, ya bi duwatsun a hankali, kansa a ɗage kamar dā.

Da ya zo daidai dakalin sai ya dakata. Ko ƙamshin turarenta ya ji, ko Nomau ya raɗa masa, Allah masani. Bai juyo ba.

"Nomau," ya ce, da ƙarfi fiye da yadda ake bukata, "wa ya yi wannan aiki?"

"Wata ma'aikaciya ce."

"To, in ka gan ta, ka ce uban da ya haife ta ya gode. Allah ya yi mata albarka."

Nomau ya ce amin. Wasila ta ja mayafi ta rufe fuska, ta faɗi nata a ciki, tana jin ƙarar sandar tana nisa har ƙofar masallaci.